Keken Hawan Dutse a Fadamar Haɗejiya

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ba a daɗe da yanke mana Jigawa ba, na taɓa saya wa mahaifina keken hawan dutse. A Haɗejiya fa. Wanda ya san garinmu ya riga ya fara dariya, domin in ka tsaya a bayan gari ka duba gabas ka duba yamma, abin da ya fi komai tudu shi ne shuri. Jiya na ga 'yan unguwarmu suna tsere da irinsa a kan kwalta, abin ya faɗo mini a rai, na ce bari in ba ku labarin.

Baba manomin shinkafa ne. Gonarsa tana can cikin fadama ta wajen hanyar Auyo, tafiyar da ba a yin ta a ƙasa sai dole. Tun ina ƙarami da baƙin kekensa mai sanda yake zuwa, irin mai nauyin nan da za ka ɗaura wa buhu a baya ko gezau. Da girma ya fara kama shi sai gwiwarsa ta dama ta soma tsiya. Ya ce sanyi ne, aka shafa man zafi, aka sha saƙe-saƙi. Wata damina ya shiga taɓo, ya miƙe a kan feda zai fita da ƙarfi, gwiwar ta riƙe ƙam. A amalanken shanu aka kawo shi gida, kwance a kan ciyawa, keken a gefensa, maƙwabta suna leƙowa suna sannu.

Mahaifiyata ta bari sai da ya warke. Ran nan ta ajiye masa tuwo, ta zauna a gefen tabarma, ni ina daga bakin ƙofa.

"Malam, duk ranar da aka sake kawo mini kai a amalanke, gonar nan ɗan ƙaninka ne zai riƙa noma ta. Kai ka zauna, a kawo maka shinkafarka har gida."

Baba ya ce ya ji. Ta ce ita ba ji take so ba, alkawari take so. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce ya yi alkawari. Shi kuwa mutum ne da in ya ce ya yi, to ya yi. Ba maganar yunwa ake ba, ko wa ya noma gonar za mu ci shinkafa. Abin da yake gudu daban ne. Sa'o'insa duk sun riga sun ajiye fartanya, suna zaune a benci kusa da mai shayi a bakin titinmu tun safe har la'asar, kuma Baba ya sha faɗa a gida cewa bencin nan daga shi sai makabarta.

Ni ne ɗan fari, kun kuwa san yadda gidajenmu na da suke. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Da na fara koyarwa a sakandare sai ya samu sauƙi, ya koma ce mini Tica. Ni ma ba na iya kallon idonsa in ce masa ga yadda za a yi. In ina da magana sai in faɗa wa bango, shi ma ya ba bangon amsa, a haka muke zaune lafiya.

Ina da wani aboki a makarantarmu, malamin lissafi, ɗan Filato. Aikin gwamnati ne ya kawo iyayensa Haɗejiya tun yana ƙarami, Hausarsa irin tamu ce, amma duk hutu yana Jos. Shi na kai wa kukana.

"Kai, matsalar Baba ba gwiwa ba ce kaɗai," in ji shi, "keken ne. Wannan baƙin keken ko ni na taka shi a taɓo sai na ji a jikina. A wajenmu akwai masu giya, in ka sa a mai sauƙi da yatsan ƙafa ma sai ka hau tudu."

Na ce masa mu ina muka ga tudu. Ya ce taɓonku ai tudu ne a kwance.

Da hutu ya zo na tafi Kano, na shiga wajen masu gwanjon Kwatano, na zaɓo ɗaya. Kore ne shar, mai ɗaukar ido, tayoyinsa masu kauri duk ƙuraje. Aka ɗaure shi a saman mota har gida, ina ta jin kaina, ni ga ɗan da ya san ciwon ubansa. Baba ya fito zaure, ya zagaya keken, ya latsa taya, ya leƙa ƙasa. Ba kariyar ɗaura kaya a baya, ba madigadi, ba ƙararrawa, sarƙa a waje.

"Wannan ai tsirara yake," ya ce wa bango.

A gidanmu duk abin da yake da daraja sai an yi masa riga. Rediyon Baba yana da rigar fata, agogon bango yana cikin leda, keken ɗinkin mahaifiyata yana da mayafinsa. Kafin a koma makaranta an naɗe jikin keken da leda mai launi, maƙeri ya haɗa masa kariya, an sa madigadi gaba da baya, an sa madubi da ƙararrawa, sirdi ya samu riga mai geza. Abokina da ya gani sai da ya riƙe ciki don dariya. Ni dai tunda an karɓi keken ai an gama mini komai.

Ga wanda bai taɓa duba irin keken ba, a tayar baya akwai faya-fayan haƙora a jere, daga ƙarami zuwa babba. A ƙasansu akwai wani ɗan ƙarfe mai gwiwa yana reto, shi ne yake ɗauke sarƙa daga wannan faifai ya mayar da ita wancan in an tura ɗan makunnin da ke hannun keken. Baba ya raɗa masa suna ƙafar fara, kuma wallahi ya yi kama. In sarƙa tana kan ƙaramin faifai, feda tana da nauyi, taku ɗaya keke ya yi nisa. In tana kan babba, feda kamar ba komai, amma ƙafa za ta yi ta juyawa keken yana rarrafe.

Ranar gwaji abokina ya sa masa a mafi sauƙi, don ya ji daɗin gwiwarsa. Baba ya tattare babbar riga, ya hau, ya miƙe titi. Ƙafafunsa suka kama wutsil-wutsil, keken kuwa ko akuya mai ciki ta fi shi sauri. A haka ya iso gaban bencin. A cikin masu zaman akwai taubashinsa, ɗan goggonsa, wanda tun suna yara aikinsa ke nan ya ga Baba ya tsokane shi. Ya miƙe tsaye da kofin shayi a hannu.

"Subhanallahi! Wa ya biyo ka? Jama'a ku taimaka, an biyo shi! Ƙafa ta kai Kano, keke yana Haɗejiya!"

Bencin ya kwashe da dariya, har mai shayi. Baba ya juyo ya dawo gida, ya jingine keken, ranar ko rabin tuwonsa bai ci ba. Yaran yanzu za su ce meye a ciki. To a garinmu dattijo ba ya gudu, ba ya ci a tsaye, ba ya wutsil-wutsil da ƙafa a bainar jama'a. Keke ma akwai yadda ake taka shi, a hankali, baya a miƙe, hannu ɗaya yana amsa gaisuwa.

Na ɗauka an gama da keken ke nan. Ashe Baba ya ji daɗin gwiwarsa, bai dai faɗa ba. Sai ya ɓullo da tasa dabarar. Daga ƙofar gida har ya wuce gidan ƙarshe, mai nauyi yake sawa, ya wuce bencin nan a natse yana ɗaga hannu, tunda hanyar gari busasshiya ce ba ta wahalar da ƙafa. A bayan gari akwai wata tsamiya inda hanya take gangarawa fadama. Nan yake waiwayawa, in ba kowa sai ya mayar da sarƙar kan babban faifai. In zai dawo, a gindin tsamiyar yake mayar da ita kan ƙarami. Ke nan mutuncinsa a gari da zuwansa gona duka biyun suna rataye a ƙafar fara, dole ta riƙa canzawa safe da yamma.

Sai damina ta sauka.

Taɓon fadamarmu baƙar laka ce mai danƙo, in ta kama takalminka sai dai ka fita ka bar mata shi. In ta bushe kuma ta koma kamar kasko. Ba a yi nisa da shuka ba keken ya fara ƙarat-ƙarat. A tura makunni, sarƙa ta yi gardama, ko ta tsallake faifan da ake so ta faɗa wani. Baba ya yi abin da ya saba yi wa tsohon kekensa shekara da shekaru, ya karɓo baƙin mai a wajen mai injin niƙa, ya kwarara mata har yana ɗiga. Kwana kaɗan man ya haɗu da yashi da laka ya zama wani baƙin kunu, sarƙa tana taunar sa ana jin ƙara daga zaure. Bakin wandon Baba duk ya yi baƙi, mahaifiyata ta ce ita sabulunta ba na gwamnati ba ne.

Da mai ya ƙi, Baba ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa laifin bai wuce wanda ya faɗa tun ranar farko ba. Ya tura keken wajen baduku. Washegari ƙafar fara ta dawo cikin 'yar jaka ta jar fata, an ɗinke ta tsaf, da igiyar zuge baki, da ɗan tuntu a ƙasa, an bar ƙofa biyu inda sarƙa za ta shiga ta fita. Gaskiya aikin ya yi kyau. Ni dai da na gani na san akwai matsala, domin ƙofar da sarƙa za ta shiga ita ce laka za ta bi, kuma ban ga ta inda za ta fita ba. Amma in ce wa Baba haka? Na tafi na ɗauko abokina, tunda shi baƙo ne, bakinsa a sake yake.

Ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya duba jakar, ya dube ni, na kau da kai.

"Baba, wannan abin ba ya son riga," ya ce. "Ruwa yake so. Kullum a wanke shi tas, a bar shi ya sha iska, a ɗiga masa mai ɗan kaɗan, a goge da tsumma. Shi ke nan."

"Ƙarfe da ruwa?" in ji Baba. "To, to. Allah ya yi maka albarka, ɗan Jos. Ka gaida mutanen gida."

Ya sa aka ba shi ƙwan zabi ya tafi da su. Bayan ya fita Baba ya ce wa mahaifiyata, da ƙarfi yadda zan ji, yaron kirki ne, amma ƙasarsu dutse ce, bai san laka ba.

Jakar ta yi 'yan kwanaki. Ran nan la'asar ta yi Baba bai dawo ba, rana ta yi ja bai dawo ba. Mahaifiyata ta fita zaure ta dawo, ta sake fita. Dab da magariba sai ga shi yana tura keken, yana jan ƙafa. Ashe da ya iso tsamiya ya tura makunni, ƙafar fara ko motsi, sarƙa ta kafe a kan mai sauƙi. Maimakon ya hau ya ratsa gari a haka, sai ya sauka ya turo shi a ƙasa tun daga bayan gari. Da 'yan benci suka tambaye shi lafiya, ya ce yana miƙe ƙafa ne. Gwiwar ta kumbura suntum.

Mahaifiyata ta dafa ruwa tana gasa masa.

"Yau dai saura ƙiris," ta ce.

"Da ƙafata na shigo."

"Na gani."

Ya yi kwanaki a kwance, keken yana jingine a zaure. Ranar da ya fara fitowa ya ce, Tica, a duba abin nan. Na kwance igiyar jakar, ta ƙi fita, sai da na sa wuƙa na farke ɗinkin gefe. Laka ta cika ta maƙil, ta daskare a kan ƙarfen kamar an gina tubali. Kuma ta bakin ɗinkin ga wasu 'yan korayen tsirrai sun leƙo. Irin shinkafar da ya zube a hanyar gona ne laka ta kwaso, ya samu danshi da duhu, ya tsira. Mahaifiyata ta leƙo ta gani, dariya ta ƙwace mata.

"To Malam, ga gona ta biyo ka har gida. Sai ka zauna ka nome ta a nan."

Baba bai yi dariya ba. Bai kuma ce abokina ya yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Washegari da zan fita makaranta na tarar da shi a ƙofar gida, ya kifa keken, ga buta, ga asuwaki da ya tauna bakinsa ya yi laushi, yana bin haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗago ba ya ce, Tica, a ce wa ɗan Jos ina gaishe shi.

Daga nan ya mayar da abin sana'a, har ya wuce inda abokina ya tsaya. Buta ta koma ɗaure a kariya. A kusa da tsamiyar akwai kududdufi, in ya dawo daga gona sai ya tsaya ya wanke laka tun tana ɗanya, kafin ya taɓa makunni. Ya fere wani ƙaramin itace ya yi faɗi, da shi yake zaƙulo abin da ya maƙale tsakanin faya-fayan. Ya gano cewa ba a canzawa a tsakiyar taɓo, tun kafin a shiga ake yi, kuma a sassauta ƙafa lokacin da sarƙa take hawa. Madigadin da ya sa da hannunsa ya cire su da hannunsa, domin laka tana cushewa tsakaninsu da taya har ta daina juyawa. Baƙin mai kuwa ya sallame shi, ya koma ɗiban man keken ɗinkin mahaifiyata, ya ɗiga a sarƙa, ya ɗiga a bakin wayar da take jan ƙafar fara, ya goge. Ta ɓoye kwalbar a ƙasan gado ya gano, ta mayar cikin kwalla ya gano, daga baya ta gaji ta bar masa.

Sauran daminar lafiya lau. Keken yana canzawa ƙyas-ƙyas kamar sabo, Baba yana wuce benci a natse, yana sauka fadama a sauƙaƙe, ba wanda ya san tsakaninsa da tsamiya sai mu 'yan gida. Da kogi ya kawo ya shafe hanyar, kowa ya koma kwalekwale, aka rataye keken a zaure ya huta.

Abin ya faru ne da ruwa ya janye, shinkafa ta nuna, tsuntsayen jan-baki suka fara sauka. Lakar wannan lokacin ta fi ta damina sharri, domin a cakuɗe take da ruɓaɓɓiyar ciyawa da ganyen kacala, ciyawar ruwan nan, dogaye masu ƙarfi kamar igiya. Baba da kansa ya ba mu labarin daga baya. Ya ce ya ji ciyawa ta naɗe a baya, ya san ya kamata ya sauka ya cire, amma ga gonarsa can yana hango tsuntsaye sun yi mata baƙi. Ya ƙara taku. Ciyawar ta ja ƙafar fara ta cusa ta cikin wayoyin taya, ta murɗe, ta karye. Allah ya taimaka ya dira a kan ƙafarsa mai lafiya.

Ya ƙarasa gonar a ƙasa, ya wuni yana korar tsuntsaye. Da yamma sai ga mai amalanken nan, shi dai wanda ya kawo shi wancan karon, ya ɗauko ciyawa zai shiga gari. Ya ce Baba hau mana. Baba ya ce a ɗora keken. Aka ɗora. Shi kuwa ya kama katakon baya da hannu biyu, ya bi shanu a ƙasa tun daga fadama har ƙofar gidanmu. Mai amalanken ya ce mini ya yi magiya har ya gaji, ƙarshe sai dai ya riƙa tsayar da shanun yana cewa su ne suka gaji.

Ina zaure lokacin. Mahaifiyata ta ji ƙarar amalanke ta tsaya a ƙofa, ta fito da sauri ko mayafi ba ta gyara ba. Ta ga keke a sama. Ta ga Baba a tsaye a baya, laka har gwiwa, ƙafar tana rawa.

"Keken aka kawo a amalanke," ya ce. "Ni ga ni a tsaye."

"Na ce wani abu ne?"

Ta juya ta tafi dafa ruwa. Bayan sallar magariba ta same ni a tsakar gida, ita da ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba, ta ce a hankali, ka san yadda za ka yi da keken nan, gobe in ya tafi a ƙasa ba zai dawo a ƙasa ba. A nan na gane ita ma ba so take ta ci wannan gardamar ba.

Da safe na kai keken wajen mai gyara a bakin kasuwa, Baba ya dage sai ya biyo ni yana dogara sanda. Mai gyaran ya juya karyayyen ƙarfen ya ce babu irinsa a Haɗejiya, ya taɓa nema wa wani har Malam Madori bai samu ba, sai dai Kano, can ma sai an dace. Shinkafa kuwa ba za ta jira Kano ba, tsuntsaye ma haka. Ya ce abin da zai iya yi yau shi ne ya cire ƙarfen gaba ɗaya, ya rage tsawon sarƙa, ya ɗaure ta a kan faifai ɗaya. Keken zai tafi, amma ba sauran canji. Sai a zaɓa. Shi a ganinsa a sa na tsakiya.

"Na tsakiyar na san shi," in ji Baba. "A gari bai hana dariya ba, a laka bai hana ciwo ba."

Ni kuma, mai ilimi, na ce wa bango ai za a iya sa mai sauƙin, sai a riƙa fita tun da duku-duku kafin mutane su fito, a dawo bayan sun tashi.

"In riƙa zuwa gonata kamar ɓarawo?"

Ya daɗe yana kallon faya-fayan nan. In ya zaɓi ƙarami, gwiwar ba za ta kai shi ƙarshen girbi ba, amalanke ce za ta dawo da shi, kuma ya yi alkawari. In ya zaɓi babba, to ga benci safe da yamma. Mai gyaran yana tsugune da guduma a hannu yana jira. Can Baba ya zaro asuwakin daga aljihu, ya ɗora bakinsa a kan babban faifan, ya ce a sa nan.

Washegari ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa kamar kullum, ya ɗaura buta a kariya, ya hau a ƙofar gida. Ni ma na fito zan tafi makaranta, hanyarmu ɗaya, ina tafe a ƙasa ina kusan kamo shi. Ƙafafu suna wutsil-wutsil, riga tana kaɗawa, baya a miƙe kamar kullum. Bencin a cike yake. Taubashinsa ya hango shi tun daga nesa, ya ajiye kofi, ya miƙe, murna kamar an ba shi kyautar sa.

"La ilaha illallahu! Ya dawo! Kai tsoho, wai wa ya biyo ka ne?"

Keken ba ya sauri, don haka Baba ya samu lokaci. Ya ɗaga hannu ya yi musu sallama, ya tambayi kwanan iyali, sannan ya dubi taubashin.

"Wanda ya kama ku ya zaunar," ya ce. "Ni bai kamo ni ba tukuna."

Ya kaɗa ƙararrawa ya wuce. An yi dariya, amma ba irin ta wancan karon ba, kuma taubashin ne ya fara komawa ya zauna. Ni na tsaya a wajen mai shayi kamar zan sayi wani abu, ina kallon bayan Baba har ya sha kwana. Ban san me ya sa ba, idona ya ciko.

An yi girbi, Baba ya shigo da shinkafarsa yana bin buhunan a kan kekensa. Bayan wasu watanni na je Kano, na yi ta yawo cikin gwanjo har na samo ƙafar fara irin waccan, na kawo masa ina jiran a ce Allah ya yi albarka. Ya juya ta, ya ja gwiwar ƙarfen ya saki, ya ce madalla, Tica, amma a bar keken yadda yake. Ya aika aka ɗinke jar jakar nan, ya sa sabon ƙarfen a ciki, ya zuge, ya rataye a ƙusa a zaure. Wankin sarƙa da buta da asuwaki kuwa bai fasa ba. Ya ƙara wasu shekaru yana zuwa gonar a haka, 'yan benci suka gaji da tsokana suka koma ba shi saƙo, har ranar da shi da kansa ya kira ɗan ƙaninsa ya ce ga gona nan. Amalanke ba ta sake kawo shi ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan mahaifiyata.

A lokacin na ɗauka aikina shi ne in ga ƙarfen nan bai daina canzawa ba, don Baba ya tsira da duka biyun. Yanzu da nake tunawa, sai nake ganin daga ranar da ƙarfen ya karye ya samu hutu. Ba sauran waiwaye a gindin tsamiya.

Yau ga ni na kai shekarun da yake da su a lokacin, kuma gwiwar gado ce, tawa ma ta dama ce. Likita ya ce in riƙa sallah a kan kujera. Na daɗe ina ta kwana-kwana, in ɓuya a sahun baya, in dafa bango in miƙe ina cije baki, wai kada a ce na tsufa. Juma'ar da ta wuce na ɗauki farar kujerar roba daga gida, na ratsa unguwa da ita a hannu. Wani abokin wasana ya hango ni a ƙofar masallaci, ya ce a'a, Tica, biki ake yi ne? Na laluba ban samu amsa irin ta Baba ba. Na dai wuce na ajiye kujerar a sahun gaba, na zauna.